Tabon da ke Ƙasan Kunnen Hajiya

Shekarar kullen korona ta ba ni wahala, iyakar maganar ke nan. Muna hawa na sha ɗaya a unguwar Cheras, can ƙasar waje, ni da matata Hajiya, ba fita sai dai mutum ɗaya ya je kedai, wato kanti, ya dawo. Sana'ata man shafawa ce, irin mai sa haske, ina sayar wa matan ɗalibai. Hajiya ce tallata. Shekara shida tana shafawa, duk wadda ta ga fuskarta sai ta saya.

Sai aka turo mana saƙon murya a waya, wai rana tana kashe cutar. Maƙwabta ma ga su nan suna shanya kansu a baranda. To mu da muka tashi a Kano, rana ce za ta ba mu tsoro? Da hannuna na fitar mata da kujera. Kullum daga hantsi har azahar, ta zame mayafi ta ba rana wuya da kafaɗu.

"Alhaji, kamar fa ana zuba min ruwan barkono."

"Maganin ne ke aiki," na ce. "Ke dai akwai raki."

Fatar ta yi ja, ta saɓule, ta dawo dabbare-dabbare. Wannan duk da sauƙi. Wani tabo ne a ƙasan kunnenta ya ƙi warkewa. Ya yi ɓawo, ya ɓare, ya yi jini, kullum ƙara girma yake. Wata biyu.

Na ɗauki hoto na tura wa wani likita ɗan Katsina da ya zo ƙarin karatu. Nan take ya kira. Ya tambayi abin da take shafawa, na faɗa masa. 

"Alhaji, man nan ya cinye abin da ke kare fata. Wa ya ce ta zauna a rana?"

Ya ci gaba da bayani.

"Ta daina yau. Man kaɗanya ya ishe ta, da man kariyar rana na kemis, ta riƙa bin inuwa. Tabon kuwa sai an ɗan yanka an auna."

"A auna me?"

"A dai auna, Alhaji."

Hajiya na bakin ƙofar kicin, duk ta ji. Ko kallona ba ta yi ba.

Washegari da sassafe na sa takunkumi na ɗauke ta sai asibiti. 'Yan sanda suka tsayar da mu a shinge. Ta ɗaga mayafi ta nuna musu wurin, ɗayan ya kawar da kai ya ce boleh, wato mu wuce. A ƙofa aka ce marar lafiya kaɗai ke shiga. Ta shiga, ni na tsaya a waje.