Tsakanin Sifili da Talatin

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Asabar abin ya fara kwaɓe min. Na riƙe lokacin ne don agogon falonmu a saman talabijin yake, ni kuwa talabijin ɗin na zuba wa ido.

Shekarata goma sha uku a lokacin, ba mu daɗe da zuwa birnin Greensboro, can ƙasar Turawa, daga Kano ba. Baba ya je Pleasant Garden, inda wani tsohon Bature ya baje kayan garejinsa yana gwanjo, ya dawo da kwali a hannu. Kwamfuta ce a ciki wadda ta girme ni: madannai masu kauri, kalar kunun gyaɗa, da ake jonawa da talabijin, sai wata 'yar rakoda ta kaset. Mama ta leƙa ta ce, "Mutane na sayen sabo, kai kana kwaso mana juji." Baba ya ce saboda karatuna ya sayo. Cikin kaset-kaset ɗin da suka zo da ita ɗaya ne kawai ya yarda ya yi aiki, shi ma ba na karatu ba. Wasan golf ne.

Babu hoto a wasan, ko na ciyawa. Rubutu ne zalla, fari a kan baƙi. Yana gaya maka nisan rami, ka zaɓi sanda da lamba, ka faɗi ƙarfin bugu, sai ya ba ka labarin inda ƙwallonka ta faɗa. Nan take na ji ya kwanta min, don ya yi kama da littafin da ke amsa wa mutum. Abu mafi daɗi, ba ya bukatar in buɗe baki. Ina da in'ina tun ina ƙarama. Da Hausa takan ɗan saurara min, amma da Turanci sai ta tsaya min a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, har aka riƙa fitar da ni daga aji duk Talata zuwa wurin wata malama mai koyar da furuci.

Wasan ya tambayi sunana, na rubuta. Daga nan ya tambaye ni handicap ɗina, ya ce in ba shi lamba daga sifili zuwa talatin.

Kalmar ba baƙuwata ba ce. Ina ganin ta a wurin ajiye motoci, kusa da shuɗin zanen keken guragu. Duk da haka na ɗauko ƙaramin ƙamus da Baba ya taho da shi daga gida, don ba na son zato. Kalma ɗaya ya ba ni: naƙasa. Gidanmu babu intanet a lokacin, saboda haka hukuncin ƙamus ya zauna.

Na gaya wa Mama abin da ake tambayata. Ta saki ludayi ta zo ta tsaya a gaban talabijin, hannu a ƙugu.

"Ko gaisuwa babu, sai tonon asiri? Ki sa masa sifili. Lafiyarki ƙalau, alhamdulillahi."

"Mama, ba ga-gaskiya ba ne."

"To shi alƙali ne da sai kin rantse masa?"

Baba ya janye kujerata ya zauna, ya ce bari ya nuna mana. Ya danna sifili da yatsa ɗaya, irin na mutumin da bai taɓa kwana a asibiti ba. Bugun farko, rubutu ya ce ƙwallonsa ta shiga tafki. Na biyu ta maƙale cikin bishiyoyi. Na uku ta sauka a yashi, ta yi zamanta a can, yana bugu tana dawowa. Mama ta ce, "Alhaji, ko a kawo maka shebur?" Ya tashi ya ce tsohon nan ya sayar masa da kwamfuta mai son kai.

Ni dai ban buga ba. Kullum na dawo daga makaranta sai in saka kaset, in jira ya gama kukansa irin na gyare, in rubuta sunana, in tsaya a wurin tambayar. Sifili ƙarya ce. Talatin kuma ta wanda ba ya magana sam ce, a ganina, bai kamata in ci haƙƙinsa ba. Na gwada aunawa. Idan ina karanta wa kaina littafi a ɗaki, ban fi biyu ba. Da Mama a kicin, shida. Ranar da malamin tarihi ya ce in miƙe in karanta, na tabbata na haura ashirin da biyar. Na so in tambayi malamar Talata, amma na ji tsoron ta buɗe fayil ta faɗi lamba ba tare da ta yi jim ba, wato kowa ya daɗe da sanin ta, ni kaɗai ce ban sani ba.

Haka wasan ya zauna yana jira na makonni, ɗan farin ɗigon da ke wurin rubuta amsa yana ƙifta min ido.

Mama na da ƙawa 'yar Jos, ma'aikaciyar jinya, da muke kira Anti. A Sedgefield take zaune, kuma ita ke min kitso idan ta taso daga coci ran Lahadi. Tagar falonta na kallon filin golf na gaske, kore shar, da tsofaffi cikin ƙananan motoci marasa ƙofa. A bayan ƙofarta akwai wata doguwar jaka cike da sanduna, wadda na ɗauka ta mijinta ce.

Kitso yana da wani amfani da ba a faɗa. Kai a sunkuye, babu idon da ke kallon bakinki yana jiran kalma ta fito. Tana tsaga min gashi da tsinke na tattara ƙarfina.

"Anti, in aka ce mu-mutum ya faɗi handicap ɗinsa, daga sifili zuwa talatin, ni nawa ne nawa?"

Hannunta ya tsaya. "Wa ya tambaye ki?"

"Kwamfuta."

"Kwamfutar asibiti ko ta makaranta?"

"Ta golf."

Sai na ji gwiwoyinta suna rawa a kafaɗuna. Dariya take yi, tana ƙoƙarin danne ta. Ta ƙwala wa Mama, wadda muka zo tare, kira a kicin ta ce ta zo ta ji abin da suka bar yarinya a ciki, gida guda babu wanda ya taɓa riƙe sanda. Mama ta amsa daga can cewa ita tun farko ta ce abin ba shi da tarbiyya.

Na ce, "Anti, in'inar nake nufi. Ban san ma-ma'auninta ba."

Dariyar ta ɗauke. Ta ɗago haɓata da yatsa, ta dube ni, ta mayar da kaina inda yake, ta ci gaba da kitsonta.

"'Yata, babu ruwansa da bakinki. A golf, handicap rangwame ne. Bugu ne ake yafe wa wanda bai ƙware ba, don ya samu ya yi wasa da gwanaye. Sandunan can nawa ne, nawa rangwamen ashirin da takwas, kuma duk Asabar ina fili. Ke da ba ki taɓa bugawa ba, ki sa talatin ki karɓi abinki. Yanzu ki daina motsa kai, kina karkata min layi."