Ƙwarya Mai Shafi Goma Sha Tara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 18 ga Sha'aban 1424, daidai da 14 ga Oktoba 2003, Allah Ya karɓi ran Lauratu Barau, wadda nake kira Khala, wato inna da Larabci, matar Dakta Abdulsalam, maƙwabciyarmu a unguwar Bani Harisa da ke nan Madina, bayan jinyar wata biyu. An sallace ta a Masallacin Annabi bayan La'asar, aka kai ta Baƙi'a. Ni Jidda Mu'azzam, 'yar shekara goma sha shida, ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba. Amma yau kam kunya sai ta yi haƙuri.

Khala, jama'a sun san ki a kantin magani, kina yi wa tsofaffin alhazai bayani da Hausa har sai sun gane sau nawa za su sha. Ni kuwa a ɗan ɗakin nan na bayan kicin na san ki, inda kike aikin shafi. Kin ce wata tsohuwa 'yar ƙasar Bama, can gabashin duniya, ita ce ta koya miki a unguwar Anbariyya, shekarar da kika zo. Ƙaron wata bishiya ne ta ƙasarsu. A shafa shi siriri a jikin ƙwarya ko akushi, a bari ya bushe, a goge da gawayi da ruwa, a sake shafawa. Mutanen Bama kwanuka suke yi da shi. Ke kuwa abin da kike yi ba na cin abinci ba ne, har Ummina takan ce, "Lauratu, wannan ƙwaryar taki ko fura ba a sha a ciki, ta mece ce?" Ki yi dariya ki ce, "Ta tunawa ce, Yaya."

Na gode miki da ranar da kika kama ni a kan bene, na ɓoye littafin soyayya a cikin littafin lissafi. Na ɗauka ƙarata za ki kai. Sai kika ce, "Taho ki karanta mini, hannuna ba ya taɓa takarda." Da ƙyar nake haɗa Hausar a lokacin, rabin maganata Larabci ne. Kina shafi ina karantawa, kina gyara mini baki. In na yi shiru wajen da kunya ta kama ni, sai ki ce, "To, ya binti, 'yata, ya faɗa mata ko har yanzu yana zagaye gidansu kamar akuya?" Hausar da nake rubuta wannan da ita, a ɗakin nan na same ta.

Ban manta da ɓarnar da na yi miki ba. A Madina komai shanya shi ake yi, kafin awa guda ya bushe. Da kika bar mini ƙaramin akushi mai sabon shafi kika tafi aiki, sai na ce bari in taimaka, na kai shi saman bene cikin rana. Da yamma na same shi yana nan da danƙonsa, ƙura ta manne masa ko'ina. Aikin wata uku. Na tsaya ina kuka. Ba ki yi faɗa ba. Kika buɗe kabad ɗin nan da kike rataye jiƙaƙƙun tawul a ciki, kika ce, "Wannan ƙaron ba ya bushewa a rana, sai a laima da duhu. Baƙo ne a garin nan kamar mu, sai an lallaɓa shi." Tun daga ranar jiƙa tawul ya zama aikina, safe da yamma.

A cikin kabad ɗin akwai babbar ƙwaryar da mahaifiyarki, Hajiya Maiturare, ta ba ki ranar da za ki baro Daura. Duk shekara kina yi mata shafi ɗaya, kina cuɗa wani abu na shekarar a ciki. Shekarar farko garin ƙwallon dabino. Wata shekara jar ƙasar ƙofar gidanku da wani alhaji ya kawo miki a leda. Wata kuma ɓawon ƙwai, shekarar da kika haifi ɗanki. Shekarar da ya rasu baƙi zalla kika shafa, ba ki sa komai ba, ba ki kuma taɓa yi mini bayani ba. Kowace shekara tana rufe ta baya. Wanda ya gan ta baƙar ƙwarya kawai zai gani. Kin ce sai ta cika ashirin za ki goge ta, shekarun su fito, ki kai wa Hajiya da hannunki ta ga inda 'yarta ta kwana ta tashi.

Ta tsaya a goma sha tara.

Da muka je duba ki asibiti, kin riƙe hannuna kin ce, "Idon Hajiya yana tafiya, Jidda. Kada ki jira. Ki goge ta, Dakta ya kai mata da azumi." Na ce ina tsoro, in na zarce fa? Abin da aka goge ba ya dawowa. Kika ce, "Shwayya shwayya, sannu-sannu. Ba littafinki ba ne da za ki leƙa ƙarshe."

Bayan rasuwarki da mako guda na fara. Kullum in na dawo daga makaranta, gawayi da ruwa, ina gogawa a hankali. Ja ya fara leƙowa, sai fari-fari na ɓawon ƙwai, sai ruwan ƙasa, zobe cikin zobe. Baƙar shekarar nan ma ta fito, siririya, tsakanin launuka biyu. Ranar goma ga azumi hankalina ya tafi wajenki, hannuna bai tsaya ba. Kafin in farga na cinye duk shafin a gefe guda, wuri kamar faɗin babban yatsa, har fatar ƙwaryar ta bayyana. Na ce shi ke nan, na ci amana, na huda shekara goma sha tara. Na kai wa Dakta. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Haka za ta tafi. Ba mai iya mayarwa sai mai ita."

Jiya ya bugo waya daga Daura, ya ce a ba ni. Ya ce Hajiya ba ta ga ja ba, ba ta ga fari ba, idon ya riga ya rufe. Ta ɗora ƙwaryar a cinya tana shafawa, santsi ko'ina. Sai yatsanta ya faɗa wurin da na zarce. Ashe akwai tsohon ɗinki a nan, inda ƙwaryar ta taɓa tsagewa. Ta bi shi da farce, ta ce, "Wannan ɗinkina ne. Lauratu ce ta yar da ita tana 'yar shekara bakwai, ta ɓuya a bayan rumbu." Ya ce ta rungume ta har aka kira salla.

Khala, ban san ko haka kika so ba. Amma ta isa hannun da kika nufa, an kuma gane ta. Na gode da amanar, na gode da Hausar, na gode da ba ki taɓa ce mini in daina mafarki ba. Har yau da safe nakan tashi in nufi tawul, sai in tuna ba komai a kabad ɗin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Maiturare, da Dakta Abdulsalam, da dukkan dangi na Daura da na nan Madina. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Lauratu, Ka rufe kurakuranta da rahamarKa, Ka sanyaya makwancinta, Ka haɗa ta da ɗanta a Aljannar Firdausi, cikin maƙwabtan Manzon da ta kwanta kusa da shi, sallallahu alaihi wa sallam. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.