Ranar da Baba Ya Ɗauko Kwamared Daga Jidda

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa, muka dawo unguwarmu, Hindawiyya. Allah Ya jiƙansa. Abin da ya sa na tuna shi a nan, zaɓe ya sake matsowa a gida Najeriya, kuma mu 'yan Makka ba sai an gaya mana ba. Manyan otal sun cika da masu neman kujera, kowa ya zo roƙon Allah, kowa da mai ɗaukar masa hoto.

Kafin Baba ya zo nan ya zama direban tasi, ma'aikacin masaƙa ne a Kano. Masaƙar ta mutu tun ba a haife ni ba, amma ƙungiyar ma'aikatanta ba ta mutu ba, saboda kwatas. Wasu ƙananan gidaje ne da aka gina wa ma'aikata, kuma har lokacin tsofaffinsu da matan da suka rasa mazajensu suna ciki. Yayar Baba, Goggo Hanne, tana cikinsu. A gidan ta aurar da 'ya'yanta, a gidan mijinta ya cika. Sai magana ta fito wai za a sayar da filin.

Ƙungiya ta ce to, bari mu tsayar da namu a majalisar jiha. Suka tsayar da tsohon sakatarensu, wanda kowa ke ce wa Kwamared. Kowa ya kawo abin da ya samu. Matan kwatas su ke dafa abincin taro. Tsofaffi masu ciwon gwiwa su ke bi gida-gida da fosta. Baba daga nan ya tura abin da ya samu a azumin shekarar gaba ɗaya, tayoyin motarsa sun suɗe bai canza ba.

Akwai kuma wani Alhaji a unguwar Rusaifa ta nan Makka, mai harkoki nan da Kano. Shi ma ya shiga. Motocin kamfen, buhunan shinkafa, lokaci a rediyo, duk a mako guda. Kuma kowa ya san idonsa na kan filin kwatas. Umma ta ce wa Baba, "Malam, mutumin nan fa ba don Allah yake bayarwa ba." Baba ya ce, "Mu ma ai ba don Allah muke bayarwa ba, don kwatas ne. Sai dai mu muna da yawa."

Kwamared ya ci zaɓe. Daga nan waya ta fara wuyar shiga. Ana cikin haka sai ga saƙo, zai zo Umara. Baba ya wanke tasi har ƙarƙashin kujera. Mako guda yana bitar abin da zai faɗa, Umma ce ke zama a matsayin Kwamared, tana gyara masa inda ya yi laushi da yawa.

Da ya isa filin jirgin Jidda ya tarar Alhajin Rusaifa ya turo wata ƙatuwar baƙar mota. Kwamared ya fito cikin ihrami, ya hango Baba, ya rungume shi. "Malam Sani! Kana nan da ranka?" Ya tura kayansa da 'yan rakiyarsa cikin baƙar motar, shi kuma ya buɗe gaban tasin Baba ya zauna. Su biyu kawai, tun daga Jidda har Makka.

Suna hawa titi mutumin ya fara labbaika.

Sai wanda ya san direbobin Makka na zamanin su Baba zai gane abin da ya biyo baya. A wurinsu, wanda ke cikin ihrami ba a jan sa da gardama, ko ta kuɗin mota ce. Baba ya sha sauke alhaji ya karɓi abin da aka miƙo masa bai ce uffan ba. Kuma ya san maganar kwatas ba za ta ƙare ba a ɗaga murya ba. Sai ya bi shi da labbaikar. Wajen rabin hanya Kwamared da kansa ya ce, "Ya mutanen gida? Akwai magana ne?" Baba ya ce, "Akwai, amma sai ka yi aski ka sauke ihrami." Ya ce, "Shi ke nan, gobe ka same ni a otal."

Kuɗin otal ɗin, Alhaji ne ya biya. Da goben ta zo Baba ya je, aka ce yana hutawa. Jibi yana cin abinci a Rusaifa. Daga nan baƙar mota ta wuce da shi Madina, ta can ya hau jirgi.

Umma ba ta raga masa ba. "Ka samu mutum a motarka, ba ɗan rakiya, ba kowa, kuka zauna kuna ta labbaika?"

"Baƙon Allah ne, Hajiya. Da zane biyu a jikinsa zan tsare shi?"

"Shi Alhajin jira ya yi ya sauke?"

"Shi ai ba ya buƙatar magana," in ji Baba. "Tasa ta riga ta isa tun kafin zaɓe."

Shekarar ba ta ƙare ba aka sayar da filin. Ban san ko Kwamared ya sa baki ba, ko shiru kawai ya yi. Goggo Hanne ta koma ɗakin haya a bayan gari, da gadonta na ƙarfe da keken ɗinkinta. Shaguna ne a wurin yanzu. Baba ya rayu 'yan shekaru bayan nan, ban taɓa jin ya zagi mutumin ba, ban kuma taɓa jin ya ce da na sani ba.

Ni ban yi zaton maganar mota ɗaya za ta tsare kwatas ba. Yadda nake ganin abin, kuɗin ƙungiya daga hannu da yawa yake fitowa, kaɗan-kaɗan. In zaɓe ya wuce, babu mutum ɗaya da zai buga ƙofa ya ce nawa ne. Shi mai kuɗi mutum ɗaya ne, lambar wayarsa ɗaya, kuma in ya kira ana ɗauka. Halas, shi ke nan.

Yanzu ni ma tuƙi nake, ta waya ake kira na. Ina ɗauko masu neman kujerar daga Jidda. Suna cikin ihrami suna waya a bayana, wane ya ba da nawa, wane sai an ƙara masa, sun ɗauka ba na jin Hausa. Nakan ce da Baba ne a sitiyarin nan, wannan sai ta fi ƙona masa rai a kan wulaƙancin otal. Ya ajiye maganar gidan yayarsa don girmama zanen da masu shi ba su ajiye tasu ba.

Ragowar 'yan ƙungiyar suna nan. Yanzu filaye suke nema a ba waɗanda aka tasa daga kwatas, sun kuma tsayar da wani, ɗan wani tsohon ma'aikaci. Makon jiya Goggo ta kira ni, ta ce ta ba da nata, in turo kason Baba. Na ce, "Goggo, ba ku gaji ba?"

Ta ce, "Ɗan nan, in ba mu bayar ba, da wane baki za mu tsare shi? Ka turo. In ya ci ya zo Umara, kai za ka ɗauko shi."

Na ce, "In yi masa maganar a mota?"

Matar da ta rasa gida ke nan, kuma ta san yadda aka yi. Sai ta ce, "A'a. Ubanka bai yi kuskure a nan ba. Ka bar shi ya yi ɗawafinsa, ya yi sa'ayinsa. Amma in ya shiga wajen aski, kada ka bar ƙofar wanzamin."

Na tura kason Baba.