Ni Na Kai Su Cikin Gidanmu

Edita, ni dattijo ne yanzu, gemu ya yi fari fat, amma abin da zan faɗa ya faru ne ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, lokacin yaƙin basasa. Ina ɗalibi a wata makaranta a unguwar Kongo, a can nake kwana, ko da yake gidanmu yana nan Tudun Wada, tafiyar ƙafa ce. Ni ne ɗan fari a gidan malamai, ga rawar kai, ga ji da boko. Da aka ce ɗalibai su kafa rundunar sa-kai don tsaron gari, da gudu na je na ba da suna. Wani tsohon saje ya riƙa koya mana fareti da bindigar katako, aka ɗaura mana jan ƙyalle a damtse, aka ba ni usur da mutum goma a ƙarƙashina. Wallahi ji nake kamar ni ke riƙe da ƙasar.

Da fari aikinmu tsare hanya ne da buɗe kayan matafiya. Sai jita-jita ta cika gari, wai akwai 'yan leƙen asiri ɓoye a cikin gidaje. Muka ce to, sai bincike gida-gida. Amma kowa ya san baligi ba ya wuce zauren wani, don haka duk inda muka je sai maigida ya tare ƙofa. Ran nan wani cikin yarana ya yi mini gori a gaban kowa, wai ina tura su gidajen talakawa, namu kuwa na malam ne, ba mai taɓawa. Raina ya ɓaci, na rantse da gidanmu za a fara, kuma a ranar.

Muka isa bayan azahar, Baba yana zaune a zaure da littafi a gabansa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce ba a shiga. Ya ce in sallami abokaina in dawo ni kaɗai, yana da magana da ni. Na ɗauka so yake ya kunyata ni, na ce wannan aikin hukuma ne. Sai ya miƙe ya kira sunana. Jama'a, tun da aka haife ni Baba bai taɓa kama sunana ba, saboda kunyar ɗan fari. Hakan ya isa ya tsayar da mai hankali, amma ni na raɓa ta gefensa na wuce, suka biyo ni.

Inna ta fito tana salati, ta tsaya a ƙofar ɗakin ajiya da ke bayan nata. Da hannuna na ɗaga labulen. A bayan buhunan dawa na ga mutum zaune a kan tabarma, ya rame, sanye da tsohuwar rigata. Ibon nan ne mai gyaran agogo na bakin kasuwa, wanda kowa ya ɗauka ya bi jirgin ƙasa ya koma gida tun bara. Innalillahi! Da ya gan ni murmushi ya yi, ya zaci gaisuwa na zo, har ya tambaye ni karatu da Hausarsa tas. Sannan ya hangi waɗanda ke bayana. Kafin in ce uffan wani ya busa usur, ƙofar gida ta cika maƙil, aka kira mota aka tafi da shi. Abin da aka samu a wurinsa 'yan kayan gyaran agogo ne da hoton 'ya'yansa.

Ashe karyewa ya yi a ƙafa a rikicin da aka yi kafin yaƙi, jirgi ya tashi ya bar shi, ya rarrafo zauren Baba. Kusan shekara Inna tana ba shi tuwo, kuma aka ɓoye mini, don sun san bakina. Baba bai doke ni ba, bai yi mini baki ba. Cewa ya yi ya ɗaukar wa mutumin alkawari muddin yana raye ba baƙon da zai ƙetare zauren nan, bai taɓa kawo wa ransa ta ciki za a zo ba. Na yi yawon neman inda aka kai mutumin har na gaji, ba wanda ya ce ya gan shi.

Bayan an gama yaƙi, wata rana aka yi sallama. Matar mai gyaran agogon ce, ta zo tun daga gabas tana cigiya, an ce mata gidanmu aka yi masa ganin ƙarshe. Baba ya sa aka ba ta ruwa, ya aika aka kirawo ni, ya nuna mata ni, ya ce ga wanda zai ba ta amsa. Ya tashi ya bar mu. Na faɗa mata duka. Ba ta zage ni ba, tambaya ɗaya ta yi, ko ya ci abinci a ranar. Ban sani ba, har yau ban sani ba.

Na rubuto ne saboda samarin da nake gani yanzu a unguwanni da gora da riga iri ɗaya, suna cewa tsaro suke yi. Ban ce aikin banza ne ba. Amma ni ba ƙiyayya ce ta kai ni ba, tsoron gori ne kawai, kada a ce na ji tsoro. In babba ya tare ku ya ce ku dakata yana da magana, don Allah ku tsaya ku ji. Da na tsaya minti biyar a zauren nan, da mutumin ya koma wurin 'ya'yansa.