Makon da Marka Ta Hana Batirinmu Cika

Akwai wani mako na damina da ba zai taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina gidanmu a Faskari ina jinyar Baba, wanda ciwon suga ya sa kullum sai an yi masa allura. Ma'aikaciyar asibiti ta ja mini kunne cewa maganin ba ya son zafi, shi ya sa muka haɗa sola da batir ɗaya da ɗan ƙaramin firji.

Sai marka ta sauka, rana ta ƙi leƙowa. A makon ne kuma mutanen ƙauyukan wajen Tafoki suka gudo cikin gari saboda 'yan bindiga. Mata suka cika zaurenmu, kowacce da waya a hannu tana jiran labarin nata. Baba kuwa bai iya cewa a'a ba, ko'ina ka duba waya ce a jone.

Ran nan da la'asar inbata, na'urar da ke ba firjin wuta daga batir, ta fara kuka, jar fitila na ƙyaftawa. Babu mai bin hanyar Funtua, inda muke samo maganin, a lokacin, in maganin ya lalace ba mu da wani.

Na ce, "Baba, batirin nan fa ya kusa mutuwa."

Ya ce, "Ɗiyata, mi zan ce masu? Mutanen da suka baro gidajensu?"

Na yi ta safa da marwa tsakanin ɗaki da zaure, ina taɓa firjin kamar goshin mai zazzaɓi. Har na yi tunanin in ce masu na'urar ce ta lalace. Daga baya dai na durƙusa gaban wata dattijuwa na faɗi gaskiya.

Ta daɗe tana kallon wayarta. Ɗanta take jira ya kira. Sai ta miƙa hannu ta zare ta da kanta.

Ta ce, "Ku ciccire. A bar guda, mu riƙa sa layukanmu bi da bi. Alhaji mai gidan nan ya fi waya."

Haka aka yi, firjin bai tsaya ba har rana ta fito. Tun daga nan caji sai da hantsi zuwa azahar, abin da batir ya tara kuma na magani ne.

Abin da na koya shi ne kada in yanke wa mai wahala hukunci kafin in gaya masa gaskiya. Wadda ta fi kowa bukatar wutar, ita ta fara haƙura.