Ranar da Aka Cika Nauyin Jirgi da Ni

Muna tsakiyar kogi a Guangzhou jirgin ya fara karkacewa, ni kuwa na riƙe gefe ina ta salati.

Ƙarshen shekarun casa'in ne, na raka marigayi Alhajina sarin kaya. Ɗan ƙasar Chinan da ke sayar masa da batura ya ɗauke mu yawo a ɗan jirginsa, irin mai ƙyallen nan da iska ke turawa. Ashe ya cire ƙarfen da ke danne gindin jirgin ya jera batura a wurin, wai ga nauyi ga wutar inji. To, nauyin bai kai ba.

Ya nuna ni, ya yi yarensu. Alhaji ya sunkuyar da kai.

"Me ya ce?"

"Hajiya, haƙuri za ki yi. Wai ki sauka ƙasa ki zauna wajen baturan."

"Duk mazan nan sai ni?"

"Ai kin... kin dai gane."

Na sauka na zauna, leshina cikin ruwa. Jirgi ya miƙe tsaf, har da tafi suka yi min. Wallahi miƙewar nan ta fi min ciwo.

Yau jikata ta tono hoton da aka ɗauke mu a jirgin ranar, har na ji kunyar sabuwa. Da ku ne, za ku zauna ko kowa ya kife?