Baba Tiyo Ya Ajiye Injin Feshi

Duk wanda ya shiga asibitin gashin ƙashi da ke bayan tashar mota, kafin ya kai tagar karɓar kati zai ci karo da wani dattijo siriri, wando a naɗe zuwa gwiwa, tiyo a nannaɗe a kafaɗa kamar wanda ya kamo mesa zai kai kasuwa. To, shi ne Baba Tiyo. Yana da suna mai kyau da iyayensa suka raɗa masa, amma ko matarsa, in ranta ya ɓaci, da Tiyon take kiransa.

Aikinsa kula da filin ciyawar da ke tsakiyar asibitin, tsakanin ɗakin mata da ɗakin motsa jiki. Ba wani makeken fili ba ne. Amma a zamanin da ake magana, ciyawar nan kore ce shar, a daidaice kamar kan da wanzami ya gama da shi. Hotonta ne a allon ƙofar asibitin. Masu zuwa dubiya kan tsaya su ɗauki hoto a gefenta, shi kuma ya koma can wajen famfo yana ɗaure-ɗauren tiyo kamar bai gani ba, alhali kunnensa duka biyu suna wajen.

Sirrin kuwa feshin maganin ƙwari ne. Tun yana saurayi ya koya a hannun wani tsohon mai lambun otal. Kwalba ta ce murfi ɗaya a tanki, tsohon ya ce biyu, wai ai ƙwaro bai iya karatu ba. Haka Baba Tiyo ya taso. Ya goya injin a baya, ya bi fili yana famfo yana waƙa. In bakin injin ya toshe, ya cire ya sa nasa bakin ya hure, ya tofar, ya ci gaba. Takunkumin da aka ba shi kuwa yana rataye a ƙusa a ɗakin ajiya, gizo-gizo ya yi gida a ciki.

A gida matarsa ta ware masa bokiti daban na wankin kayan aiki, kuma ba ya tsallake bakin ƙofa sai ya tuɓe su.

"Malam, warinka yana riga sallamarka shigowa," in ji ta.

"Ƙanshin sana'a ke nan."

"To sana'ar ta tsaya a waje. Ga ruwa can."

In kansa ya sara da yamma, ya ce rana ce. Aka daina ganin tana a ƙasar filin, kwaɗi suka daina zuwa bakin famfo, malam-buɗe-littafi ya sauya hanya. Shi duk a tsafta ya ɗauke su.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama yayarsa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta goye shi, ita ta dake shi, kuma har ya yi furfura ba ta fasa ce masa Auta ba. Aka kwantar da ita a ɗakin mata, gadonta na kallon filin. Ciwon ya kama ƙafar dama da hannun dama, ya bar baki. Ma'aikatan jinya suka ce da ciwon ya yi shawara da su, da sun ce ya fara ta bakin.

Likitar da ke koya wa marasa lafiya tafiya wata 'yar gajeruwar mata ce da kowa ke kira Ƙara Ɗaya, don duk takun da mutum ya yi, abin da za ta ce ke nan. Ta yi juyin duniya Yaya ta miƙe a ɗakin motsa jiki, Yaya ta ƙi. A kan tayil ta faɗi ranar da ciwon ya same ta, saboda haka ko kallon tayil ba ta son yi.

"'Yata, santsin nan ya ci ni sau ɗaya. Ba a cizon mai hankali sau biyu a rami guda."

Da dabara ta ƙare, Ƙara Ɗaya ta tura kekenta zuwa filin, ta cire mata takalmi, ta ɗora tafin ƙafarta a ciyawa. Yaya ta shiga murza yatsun ƙafar hagu. Can ta ce, "Wannan kam ko an faɗi, an faɗi a katifa." Ranar ta yarda aka ɗaga ta, ta tsaya riƙe da ƙarfen dogarawa har ƙafafunta suka fara rawa, sannan aka zaunar da ita a ƙasa ta huta.

Baba Tiyo na gefe yana washe baki. Yana cikin murmushin ya ga ta miƙa hannun hagu, ta tsinko ƙaran ciyawa, ta sa a baki tana taunawa, irin yadda take yi tun suna yara in tana tunani. Shekaranjiya ya yi feshi. Murfi biyu.

"Yaya, tofar."

"Me zan tofar?"

"Ciyawar. Tofar, don Allah."

"Ji min yaro. Ciyawar ma rowarta za ka yi min?"

Da safe tafin hannunta ya yi jawur, tana ta sosa shi a jikin bargo. Ƙara Ɗaya ta same shi a ɗakin ajiya, ta ce ya nuna mata kwalbar. Ta karanta bayanta a tsanake, ba faɗa ba tsawa.

"Baba, irin wannan ta jijiya yake bi ya kashe ƙwaro. Mu kuma a nan jijiya muke lallaɓawa. Kai ma da kake shaƙarsa, taka jijiyar ba ta ƙarfe ba ce."

Baba Tiyo ya fito daga ɗakin. Ya ɗauki tiyo ya yi ta kwarara wa filin ruwa, ya aske ciyawar ƙasa-ƙasa ya kwashe, aka dakata har sabuwa ta tofo. Injin kuma ya ɗora shi can saman kanta, ya juya fuskarsa bango.

Yaya ta koma fili. Kullum da hantsi ana fito da ita, ta tsaya, ta zauna, ta sake tsayawa. Tsayuwa ta samu, taku ne ya gagara. Ƙafar dama ta kafe a ƙasa kamar an dasa ta. Ƙara Ɗaya ta ja Baba Tiyo gefe ta gaya masa gaskiya: ƙarshen wata za a sallami Yaya, akwai masu jiran gado. In ta taka kafin nan, za ta tafi gida da ƙarfin gwiwar ci gaba. In ba ta taka ba, a keke za ta koma, kuma gidan ɗanta tayil ne tun daga ƙofa har bayi.

Sai ga tsutsa. Dama an ce in kura ta bar daji, kowa sarki ne. Wata irin tsutsa ce mai cin ganye, ta ɓuya a gindin ciyawa da rana. Kafin a ankara, gefen filin ya yi tabo-tabo kamar kan mai makero.

Manajan asibitin ya fito daga ofis, ya tsaya ya riƙe ƙugu. Ba mugun mutum ba ne, shi dai yana son abu ya yi kama da hotonsa.

"Baba, ka yi feshi yadda kwalba ta ce, mu ɗaure igiya, kowa ya kauce wa filin. Likita ta ce in za a yi, ba mai jinyar da zai taka sai wata ya kama."

"Ranka ya daɗe, in aka ɗaure igiya, an ɗaure ƙafar Yaya ke nan."

"In aka bari kuma ciyawar ta mutu fa? Siminti zan sa a zuba, na huta."

"A ba ni dama in gwada da hannu."

Manaja ya dube shi, ya dubi filin. "Da hannu. Kai da tsutsa dubu nawa?"

"Ai ba su da hannu, ranka ya daɗe. Na fi su da wannan."

Dabarar farko ta matarsa ce, kuma har gobe tana cewa ba ita ba ce. Ta ce me ya fi kaza sanin tsutsa? Ya zuba kajinta a kwando, ya ɗaure a bayan keke, ya sake su a fili da sassafe. Sun ci tsutsa kam, ba a musu. Amma kaza ba ta cin abu sai ta tona, kuma ba ta tashi daga wuri sai ta bar shaida. Kafin hantsi sun yi wa tsakiyar filin abin da tsutsar ba ta yi ba a mako. Zakaran kuma ya shige ɗakin motsa jiki ya hau kan keken motsa ƙafa. Marasa lafiya suka yi dariyar da suka daɗe ba su yi ba. Ƙara Ɗaya ta nuna masa ƙofa da yatsa, shi da kwandonsa. Ya wuni yana kwashe kashin kaji yana wanke wuri.

Daga nan ya koma ga abin da ya taɓa ji a bakin wata mai sayar da dashen furanni: a kaɗa ɗan sabulu a bokitin ruwa, a zuba a inda ake zargi, tsutsar za ta fito da kanta. Haka kuwa aka yi. Ya zuba, ya durƙusa, su ɓullo suna murɗe-murɗe, ya tsince cikin gwangwani, ya ɗauraye wurin da tiyo, ya matsa gaba. Mutumin da a da yake gama filin nan kafin shayinsa ya huce, yanzu da rarrafe yake binsa. Gwiwoyinsa suka yi kanta, bayansa ya riƙe. Ciyawar ba ta mutu ba, amma ta bar zama abin hoto: nan kore, can ruwan ƙasa, can kuma sanƙo inda kaji suka yi aiki. Wata mai dubiya ta wuce tana ce wa ƙawarta, "Ashe allon ƙofar nan ƙarya ne." Ya ji. Ya ci gaba da tsinta.

Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare, Yaya na tsaye riƙe da ƙarfenta, shi yana durƙushe can gaba kaɗan.

"Auta, ka bar wata tsutsa a bayanka."

"Na gani, Yaya."

"Ba ka gani ba. Tun kana yaro haka kake shara, tsakiya kawai."

Ƙara Ɗaya ta ce, "To Inna, je ki nuna masa mana."

Yaya ta harare ta. Ta harari ƙafar. Ta cije leɓe, ta ja ta, ƙafar ta taso daga ƙasa ta sauka gaba. Ta kawo ta hagu. Ta sake jan ta dama, ƙarfen ya goce, sai ga Yaya rub da ciki, fuska cikin ciyawa.

Likita da wata ma'aikaciyar jinya suka yi kanta. Baba Tiyo ya rarrafo ya iso. Ya ga ganye a leɓenta, ƙasa a hancinta, ya duba zuciyarsa ya tarar ba abin da yake tsoro sai ko ta bugu. Ba ta bugu ba. Ta tofar da ganyen, ta ɗago kai.

"Kun tsaya kallona? Ku ɗaga ni, ban kai wurin ba."

Suka ɗaga ta. Ta kai wurin. Tsutsar ta riga ta gudu, amma Yaya ta ce tana nan, idonsa ne ba kyau.

Ranar sallama da ƙafarta ta bi baranda, a kan tayil, tana dogara ƙarfe tana yi wa ɗanta faɗa ya daina riƙe mata gwiwar hannu. Manaja ya fito yi mata sallama, daga nan ya tsaya kusa da Baba Tiyo, su biyu suna kallon filin.

"Ya yi muni, Baba."

"Ya yi, ranka ya daɗe."

"Likita ta ce mutum nawa za ta fito da su gobe?"

"Duk ɗakin maza, in ji ta. Har da mai gardamar nan na gadon ƙarshe."

Manaja ya sosa ƙeya. "To a cike wancan sanƙon kafin su zo, kada wani ya yi tuntuɓe."

Baba Tiyo ya ce an gama, ya tafi neman baro.